Netwok Ne, In Ji Malam

Litinin, 2 ga Oktoba, 2017, ƙarfe 6:20 na safe

Na sayi littafin nan ne don rubuta lokutan maganin Maame Adwoa, tsohuwar da nake jinya a Parkchester, sai kamfani suka ba mu nasu takardun. Bari in yi amfani da shi da kaina, tunda ba ni da wanda zan gaya wa.

Mijina, Malam Alkasim, ya ce intanet ɗin gidan nan ne yake cutarsa.

Wata uku ke nan da ya ajiye tasi, tun abin da ya faru a kan gadar Macombs Dam. Babu wanda ya ji ciwo, alhamdu lillahi, ƙarfen gefen titi kawai ya goga, da rana tsaka, ba ruwa ba ƙanƙara. Mutumin da ya shekara goma sha tara yana tuƙi a garin nan ko madubi bai taɓa fasawa ba. Washegari ya mayar da makulli, ya ce bayansa ya gaji da kujerar mota. Ban tambaya ba.

Abokinsa Alhaji Ɗalha ne ya koya masa cinikin hannun jari a kwamfuta, abin da suke kira tiredin. Ya ja teburin cin abinci zuwa bakin taga, nan ne ofis. Kasuwa tana buɗewa tara da rabi ta tashi ƙarfe huɗu, ni kuwa bakwai na fita, sai in dawo in tarar da labari. Labarin ranar Juma'a shi ne ya danna sayarwa, abu ya saya. Ya ce netwok ne ya yi nauyi. Da abin da muke tarawa na ginin Kano yake yi. Wannan ma ban tambaya ba.

Laraba, 4 ga Oktoba, ƙarfe 5:30 na yamma

Ma'aikacin kamfanin kebul ya zo. Ya jona na'urarsa a bango, ya auna, ya ce layi lafiya lau. Yana fita Malam ya ce, "Ai dole ya ce lafiya, kayansu ne."

Wai Alhaji Ɗalha ya ce akwatin da kamfani suke ba mu haya modem ne da rauta a haɗe, kuma mai tiredin na gaske nasa yake saya, kowanne daban. Na ce to ya je ya zaɓo. Ya ce, "Ke za ki je, Hidaya. Kin fi ni sanin jirgin ƙasa."

Shi da ya san kowane lungu daga Bronx har Far Rockaway.

Asabar, 7 ga Oktoba, ƙarfe 4 na yamma

Canal Street. Na fi shekara biyu ban je ba, cunkoson yana nan yadda na bar shi, jakunkuna da agoguna a shimfiɗe, kowa yana jan hannunka. Na ji Hausa a bayana, wani ɗan Maraɗi mai tebur ɗin caja da batura. Na gaya masa abin da nake nema, ya ce, "Madam, akwai, wallai akwai, dakata mini minti biyu." Ya ɓace cikin wani lungu ya dawo da modem a leda, ba kwali. Ya ce sabo ne, kwalin ne ruwa ya taɓa. Na san ba sabo ba ne, akwai ƙura a ramukan iskarsa. Na karɓa. So nake kawai in koma gida da wani abu a hannu.

Lahadi, 8 ga Oktoba, ƙarfe 2 na rana

Bai yi ba. Sai an kira kamfani an karanta musu lambar da ke ƙarƙashin modem kafin su kunna shi. Malam ya juya shi, ya kai shi taga, ya juya shi kuma, sannan ya miƙo mini. "Karanto musu, hannuna da maiƙo."

Hannunsa a bushe yake.

Na karanta. Matar ta ce modem ɗin yana kan sunan wani, ba za su iya kunnawa ba. Mun mayar da tsohon akwati.

Talata, 10 ga Oktoba, ƙarfe 6:30 na safe

Ya zuba shayi a gefen kofi. Na goge tebur.

Alhamis, 12 ga Oktoba, ƙarfe 6 na yamma

Na haɗu da Hawawu a ɗakin wanki na ƙasa, maƙwabciyarmu ta hawa na sha huɗu, 'yar zangon Kumasi. Ta ga ledar Canal Street a hannuna zan jefar, na ba ta labari. Ta yi dariya har da dafa inji. "Maman Sumaya, wa ke sayen modem a titi? Ƙanina Mashud shi na aiki a shagon kayan lantarki a unguwar Jamaica, shi ya san abin nan paa. Je ki ce ni na aiko ki."

Sai ta ce, "Jiya na gaida maigida a lifta, ya ce mini Fanna. Har sai da na yi magana na biyu."

Na ce tunani ne ya yi masa yawa.

Asabar, 14 ga Oktoba, ƙarfe 5 na yamma

Jamaica. Jirgi biyu, awa ɗaya da rabi. Mashud babban mutum ne, da furfura a gemu, mai haƙuri. Ya ja mini kujera ya yi mini bayani kamar ɗaliba, ni kuma na rubuta a bayan rasit don kar Malam ya tambaye ni in rasa amsa.

Modem shi ne ƙofar da intanet yake shigowa gida, rauta ita take raba shi. Kar a sayi modem sai an duba yana cikin jerin waɗanda kamfaninmu suka amince da su, kuma kar a sayi na hannu. Rauta ta zama mai layi biyu, domin a dogon bene irin namu waifai ɗin maƙwabta ya fi ɗari, duk suna turereniya a layi ɗaya, na biyun shi ne ba cunkoso. A ɗora ta a sama, a fili, ba bayan talabijin ba, ba kusa da makirowef ba. Ya ce mai tiredin ba yawan gudu yake buƙata ba, abin da yake buƙata shi ne kar layi ya yanke kuma kar amsa ta yi jinkiri. Kuma duk rautar duniya ba ta kai waya ba, a ja kebul daga rauta zuwa kwamfuta kai tsaye.

Sannan ya tambaye ni, "Anti, in abin ya ɓaci, mene ne shi ke gani? Hoto ke tsayawa? Ko shi na fitar da shi daga akawun?"

Na ce ban sani ba, ba na gida.

Ya ce, "Tambaye shi. Daga nan ake gane ciwon."

Na sayi modem da rauta, sababbi, a kwali. Tambayar kuwa na bar ta a jirgi.

Litinin, 16 ga Oktoba, ƙarfe 7 na yamma

Sun kunna! Na dawo na tarar da shi yana waƙa a kicin, ya dafa taliya da manja da yaji, irin wadda yake yi mana lokacin muna ɗaki ɗaya a Harlem. Ya ce yau kasuwa ta yi masa biyayya. Ya ce, "Kin gani? Na gaya miki netwok ne." Ya kira 'yarmu Sumaya a makarantarta a Buffalo, yana yi mata Hausa tana mayar masa da Turanci, suna ta dariya. Ya ce mata Ummanta ta zama injiniya.

Na ci taliya har na ƙara. Ya Allah, ka sa netwok ne.

Laraba, 18 ga Oktoba, ƙarfe 6 na yamma

Lafiya lau.

Juma'a, 20 ga Oktoba, ƙarfe 4:45 na yamma

Abin ya dawo. Wai ya rubuta goma, abu ya tafi da ɗari. Rautar ce, in ji shi, eriyarta biyu, ta Alhaji Ɗalha huɗu ce.

Lahadi, 22 ga Oktoba, ƙarfe 11 na safe

Rana ta cika falo, amma duk fitilun gidan a kunne suke, har ta kan murhu. In na kashe ɗaya sai ya ce wa ya rufe labule.

Ya daina ɗauko Alƙur'ani bayan asuba. Da ka yake yi, surorin da ya haddace tun yana yaro, yana maimaita su. Ya ce tilawa yake so ya ƙarfafa. Zaren da yake sa alama da shi yana nan a Suratul Kahfi tun watan jiya.

Talata, 24 ga Oktoba, ƙarfe 1:15 na rana, a gidan Maame

Maame ta yi barci. Asibitin da likitan suga ya tura Malam tun bazara sun kira wayata, saboda ba ya ɗaga tasu. Karo na uku ke nan bai je ba. Matar ta ce, ki gaya masa wannan ba abin jira ba ne. Na ce zan gaya masa.

Ta ina zan fara? Mahaifinsa tela ne a Fagge, na san shi, shi ya ɗinka mini kayan fitar biki. Da ƙafarsa ya shiga asibiti aka yi masa aiki, ya fito ana riƙe da hannunsa, bai sake zura zare a allura ba har ya rasu. Malam ne ya biya kuɗin aikin daga nan, shi ya matsa a yi. Sau ɗaya ya taɓa yi mini maganar, ya ce, "Ni na kai shi." Daga ranar ba a sake ta da ita a gidan nan ba.

Da bazara na ce masa ya je, sau ɗaya tak. Kwana huɗu bai ci abincina ba.

Asabar, 28 ga Oktoba, ƙarfe 5 na yamma

Jamaica kuma. Na ce wa Mashud mai eriya huɗu nake so. Ya dube ni ya ce, "Anti, gidanku ɗaki biyu ne. Wancan ya isa kwaraa." Na ce ya ba ni dai. Ya ba ni, ya ce gobe ba shi da aiki, zai zo gidan yayarsa, zai leƙo ya ja mana kebul da kansa.

Lahadi, 29 ga Oktoba, ƙarfe 6 na yamma

Mashud ya zo bayan azahar, ana ruwa. Malam ya karɓe shi hannu bibbiyu, na kawo musu shayi. Ya haɗa sabuwar rauta, ya ja kebul mai ruwan bula ta bakin bango har teburin Malam, ya buga masa ƙananan ƙusoshi don kar a yi tuntuɓe. Ya saita wayar Malam yadda in layin gida ya yanke kwamfuta za ta koma kanta. Ya gwada gudu sau uku, ya ce, "Alhaji, wannan layi ko banki sai haka."

Sai ya ce Malam ya shiga akawun ɗinsa a gani.

Malam ya zauna. Ya matsa. Ya ƙara matsawa har hancinsa ya kusa taɓa gilashin, ya karkatar da kai gefe ɗaya. Yana yawo da linzamin kwamfutar yana neman kibiyar, ita kuwa tana tsakiyar allo, ni daga ƙofar kicin ina hango ta. Kalmar sirri sau uku yana bugawa tana ƙi. Ya ce, "Ka gani ko? Nauyin da nake faɗa ke nan."

Mashud ya matso kusa. Ya ƙara masa girman rubutu, ya mayar da kibiyar ƙatuwa, ya ce haka sababbin rautoci suke so.

Na raka shi lifta. Ya danna, muka tsaya. Ya ce, "Anti."

Na ce, "Na gode ƙwarai, Allah ya saka."

"Anti, ba rauta ba ne."

Na ce, "Akwai wadda ta fi wannan?"

 Ya ce, "Akwai. Amma ni ba zan sayar miki ba." Lifta ta zo ya shiga.

Laraba, 1 ga Nuwamba, ƙarfe 4:30 na yamma

'Yar Maame ta kai ta ganin likita, na samu hutu. Na ce masa yau zan zauna in koyi tiredin. Ya ji daɗi, ya ja mini kujera, yana nuna mini da yatsa, wannan kore saye, wannan ja sayarwa.

Yatsansa yana kan ja lokacin da ya ce kore.

Wajen sha ɗaya ya ce yanzu zai fita daga wani kamfani kafin ya faɗi. Na ga kibiyar tana tafiya inda ba nan ba. Na gani da kyau. Bakina ya buɗe. Ya danna. Ya matsa ya karanta abin da ya fito, a hankali, harafi harafi, sai ya buga tebur har kofi ya yi tsalle.

Ya juyo ya ce, "Kin gani da idonki ko? Kin ga abin da yake yi mini?"

Na ce, "Na gani, Malam. Netwok ne."

Ni na faɗa. Ba wanda ya sa ni.

Juma'a, 3 ga Nuwamba, ƙarfe 6:15 na safe

Gobe zan gaya masa.

Litinin, 6 ga Nuwamba, ƙarfe 12 na rana, a gidan Maame

Ban gaya masa ba.

Alhaji Ɗalha ya kira ni daga layin tasi na filin jirgi. Ya yi ta kewaye-kewaye, gaisuwa, ya yara, ya sanyi. Can ya ce, "Hajiya, Alkasim ya nuna mini akawun ɗinsa ranar Juma'a bayan masallaci. Ki ce masa ya dakata haka nan. Abin da ya rage ya rage."

Na ce, "Alhaji, kai ka koya masa. Kai ka gaya masa."

Ya ce, "Ni? Ai kin san halinsa. Ke ce dai."

Kowa ni ce dai. Maame tana ta kirana da sunan ƙanwarta da ta rasu, tana tambaya ko an ɗebo ruwa. Na ce an ɗebo. Duk inda na juya aikina ke nan, in ce e.

Juma'a, 10 ga Nuwamba, ƙarfe 6 na safe

Jiya ban iya rubutu ba.

Sha ɗaya da rabi ina ba Maame abinci wayata ta yi ƙara. Malam ne. Ina jin iska da ƙarar jirgi a bayansa. Ashe bayan fitata ya cire rauta ya sa a kwali, wai zai kai wa Mashud da kansa ya canja, tunda ni ba na iya yi musu magana da ƙarfi. Ya shiga jirgin D, ya kamata ya sauka a Manhattan ya canja zuwa na Jamaica. Bai sauka ba. Ya ce lasifikar jirgin ba ta fita sosai. Sai da ya ji jirgi ya fito sarari, ya daɗe yana tafiya a sama, sannan ya sauka.

Na ce, "Wace tasha kake?"



Na ƙara cewa, "Malam, duba allon, me aka rubuta?"

Ya ce, "Hidaya, akwai allo."

Ban taɓa jin muryarsa haka ba. Na ce ya ba wani wayar. Na ji yana cewa don Allah, don Allah da Turanci, mutane suna wucewa. Can wata mata ta karɓa ta ce Bay Parkway, Brooklyn. Ta ce yana tsaye dab da bakin dandamali, ta zaunar da shi a benci.

Na ce zan kira Alhaji Ɗalha. Ya ce, "Kar ki kira kowa. In kin kira wani ban yafe ba." Na ce to ya tsallaka ɗaya gefen ya hau mai dawowa. Ya ce akwai matakala. Ya ce, "Zan jira ki."

Ba a barin Maame ita kaɗai ko na minti biyar, tana kunna gas. Na kira ofis, suka ce babu mai karɓata kafin uku. Na kira 'yarta, waya a kashe. Na tsaya a tsakiyar ɗakin mutane da cokali a hannu. Na wanke mata baki, na canja mata zane, na kunna mata waƙoƙin cocinta, ina duban agogo. Duk rabin awa in kira shi. Ƙarfe biyu wayarsa ta mutu.

Uku da minti goma mai karɓata ta zo. Jirgi uku na hau. Ban san addu'ar da ban yi ba.

Biyar saura na isa, rana tana faɗuwa, iska kamar wuƙa. Yana nan a bencin, hularsa a ja har kunne, ya rungume kwalin rauta a ƙirji. Na taho ta gabansa, na tsaya taku uku tsakaninmu. Yana kallon wajena. Bai motsa ba.

Sai da na ce, "Malam."

Ya ce, "Kin daɗe."

Ya yi azahar da la'asar a zaune, da taimama a jikin bango. Bai sha ko ruwa ba, mai ciwon suga. Na ba shi dabino daga jakata. A jirgi, da muka haye gada, ya ce, "Rubutun tashoshin nan sun ƙanƙance shi." Na ce e, sun ƙanƙance.

Talata, 14 ga Nuwamba, ƙarfe 5 na yamma

Tari yake yi. Rauta tana cikin kwalinta a bakin ƙofa, ba wanda ya mayar da ita, gidan ba intanet. Yana zama a teburin daga tara da rabi zuwa huɗu, kwamfuta a rufe.

Asabar, 18 ga Nuwamba, ƙarfe 3 na rana

Hawawu ta kawo wake da shinkafa da shito, soyayyen yajinsu na Kumasi. Ba ta tambayi komai ba. Da za ta fita ta riƙe hannuna ta matse.

Laraba, 22 ga Nuwamba, ƙarfe 7 na yamma

Sumaya ta iso hutun Thanksgiving. Tun safe ya sa na mayar da tsohuwar rauta don kar ta ce gidan ba waifai, ya sa farar shadda.

Ta rungume shi, ta fito da takardar yabo da makaranta suka ba ta, ta miƙa masa. Ya riƙe ta da hannu biyu, yana gyaɗa kai, yana cewa masha Allah, masha Allah, dubi sunanki. Bayan takardar yake kallo, farin.

Ta dube shi. Ta dube ni. Ta biyo ni kicin ta rufe ƙofa.

Da Turanci ta ce, "Umma, tun yaushe Abba ba ya gani?"

Wata biyar ina kewaya kalmar nan, ko a littafin nan ban rubuta ta ba. Ita ko minti goma ba ta yi a gidan ba.

Na ce, "Ki rage murya."

Ta ce, "Tun yaushe?"

Alhamis, 23 ga Nuwamba, ƙarfe 4 na yamma

Ba ta rage murya ba. Da safe ta zauna a gabansa ta faɗa masa kai tsaye, yadda yaran nan suke yi. Ya daka mata tsawa, ya ce ba ta da kunya, ya ce Amurka ta lalata ta. Ina kicin ina riƙe da bakin sink. Ta bar shi ya gama. Sannan ta yi abin da ban taɓa ji ba tun tana 'yar shekara shida, ta yi masa Hausa, karyayyiya, tana kuka.

"Abba, ina so ka ga ni ranar gama makaranta. Ka ga ni da ido."

 Can ya ce, "In suka taɓa, shi ke nan. Haka suka yi wa Baba."

Ta ce, "In ba su taɓa ba fa?"

 Da la'asar ya tambaye ni ina katin inshorarsa.

Juma'a, 24 ga Nuwamba, ƙarfe 6:30 na yamma

Mun wuni a asibitin ido, ɓangaren gaggawa. Suka ɗiga masa magani, suka ɗauki hoto, suka sake ɗauka. Likitar ta nuna mana a allo, ni da Sumaya, shi yana zaune yana sauraro. Suga ne ya ci jijiyoyin. Na hagu ya riga ya tafi, ba abin da za a yi masa. Na dama akwai saura, za a riƙa yi masa allura a ciki duk wata, da fatan a tsayar da shi inda yake. Ba za a dawo da abin da ya tafi ba.

Sumaya ta tambaya, da ya zo tun bazara fa?

Likitar ta dubi takarda ta ce, mu yi maganar abin da ke gabanmu.

Na gane amsar. Shi ma ya gane.

Talata, 28 ga Nuwamba, ƙarfe 5 na yamma

Sumaya ta koma ranar Lahadi. Kafin ta tafi ya sa ta rufe akawun ɗin, bai tambaye ta abin da ta gani a ciki ba, ita ma ba ta faɗa ba.

Yau aka yi allurar farko. Da aka kira sunansa ya miƙe ya tsaya, bai san ta ina ƙofar take ba, sai ya miƙo hannu ya kama gwiwar hannuna a gaban mutane. Shekara ashirin da uku da aure bai taɓa riƙe ni a waje ba. Minti goma aka yi. Ya fito da auduga a ido, ya ce bai kai yadda ya zata zafi ba.

A bas muka dawo, na ba shi wajen taga saboda sabo. Mun wuce tasha huɗu ko biyar. Sai ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Ranar da kika zauna kusa da ni. Kin ga inda na danna."

Na ce, "Na gani."

"Kin sani tun yaushe?"

"Tun gada."

Ya gyaɗa kai. Bas ta tsaya, aka sauke wata mai keken guragu, aka ɗaga matakala, muka tashi.

Ya ce, "Da kin faɗa mini, Hidaya."

Na ce, "Da ka ji?"

Ya ce, "A'a."

Har muka kusa Concourse, titinmu, bai saki hannuna ba. Da na danna ƙararrawar sauka ya ce, a hankali, "Amma da kin faɗa."

Ban sami abin ce masa ba. Yanzu yana ɗaki yana barci, na ɗiga masa maganin ƙarfe huɗu. Har yanzu ban samu ba.